Yadi Takwas

Talata, 4 ga Nuwamba, goman safe

Matar da ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafar Amurka ta ɗauko don ta riƙa sauraron damuwarmu ita ta ba ni littafin nan. Na ce mata ni ba mutumin rubutu ba ne, shekara ɗaya na yi a kwaleji na gudu na koma aikin rufin gidaje da kawuna. Ta ce ba wanda zai gyara min. Ta ce in fara da aikina, kamar ina gaya wa wanda bai taɓa ganin wasan ba.

To. Sunana Renard Thibodeaux. Aikina in duƙa in jefa ƙwallo ta tsakanin ƙafafuna zuwa baya. Yadi takwas. A can akwai mutum durƙushe a kan gwiwa ɗaya, ya cafe, ya dasa ta a ƙasa, mai bugu ya buga ta ratsa tsakanin sandunan nan biyu, a ba mu maki uku. Duka-duka abin bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba. Akwai wata jifar mai nisa, yadi goma sha biyar, amma ita ba ta damuna. In na yi daidai ba wanda ya san da ni. Shekara uku ina garin nan, mai sayar min da kofi bai san inda nake aiki ba.

Ƙa'idar ɗaya ce. Mai riƙewa ya dubi mai bugu. Mai bugu ya gyaɗa kai. Mai riƙewa ya juyo ya buɗe min tafin hannunsa na dama. Sai na ga tafin nan zan saki. Ni a kife nake ganin duniya, ciyawa a sama, 'yan kallo a rataye, hannu a tsakiya.

Mun ci wasa biyu, an ci mu shida. Lahadin da ta wuce ba mu da wasa, shi ya sa ba a ci mu ba.

Yau ranar hutu ce. Na je asibitin gashin ƙashi. Ban shiga ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba, bayan atisaye

Abin da nake fara dubawa kullum in na shiga ɗakin sauya kaya shi ne saman lokata, wato ɗan kabad ɗin kayana. Kowa da ɗan allon sunansa a can, zura shi ake yi kamar aljihun tebur. Ranar da ƙungiya ta gama da kai, Baba Leland mai kula da kayanmu zai zare shi tun kafin ka iso. Haka mutum yake sani. Nawa yana nan.

Na Emmett Sorrell ma yana nan, a lokar da ke damata. Shi ne mai riƙe min ƙwallo tun ranar da na zo, yanzu yana asibiti. Baba Leland bai taɓa komai nasa ba. Takalmansa, ledar gyaɗar da ya buɗe bai cinye ba, hoton 'yarsa Posy da giɓi a baki, farin filastan da yake naɗawa a yatsu uku. Kowace Lahadi Baba yana rataya masa riga wankakkiya, lamba shida, da yamma ya sauke ya sake wankewa. Na ce, "Baba, ai ba wanda ya sa ta." Ya ce, "Na tambaye ka?"

Wanda aka ɗauko a madadinsa sunansa Brice. Yana da kirki, hannunsa kuma ba laifi. An ba shi loka can kusa da banɗaki.

Mai bugunmu Wojcik shekararsa talatin da tara, Tsoho muke ce masa. Ya zo wucewa da tawul a wuya ya ce, "Ɗan Fadama, idonka kamar na kifin da ya kwana a kanti. Kana barci kuwa?" Na ce ya daina kirana haka. Ya ce, "Don me? Ba daga fadamar Louisiana aka tsamo ka ba?" Na ce ba shi ya raɗa min sunan ba. Ya dube ni, ya dubi lokar da ke damata, ya wuce.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, a jirgi, da magariba

An ci mu. Bakwai ke nan.

Sau biyu aka kira mu bugu. Na farko lafiya lau. Na biyu na duƙa na leƙa, Brice ya buɗe hannu. Na gani sarai. Na ci gaba da kallo. Ya rufe ya sake buɗewa. Sai da ya kira sunana na saki. Ƙwallon ta shiga, ba wanda ya ce komai, amma Tsoho bai ƙwanƙwasa min hular kwano ba kamar yadda ya saba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, biyun rana

Litinin ranar kallon bidiyo ce. Koci Haldane, wanda ke kula da ɓangarenmu na masu bugu, ya kashe fitila ya ɗauki rimot. Ya maimaita jifata ta biyu sau huɗu. Ya ce, "Thibodeaux, me kake jira a nan? Katin gayyata?" Aka yi dariya. Na ce hayaniya ce ta yi yawa. Ya ce, "Au, da kunne kake ganin hannu?"

A kujerar nan nake zaune ranar sha uku ga Oktoba, washegarin wasan ruwan saman nan. Ran nan sau goma sha ɗaya ya maimaita, ina ƙirgawa. Ruwa ya dusashe gilashin kyamarar baya, ta gefe kuma jikin wani ƙato cikin masu tare mana ya kare hannun Emmett. Abin da ake gani kawai, kansa na juye wajen Tsoho, ƙwallo ta daki kafaɗarsa, ya miƙe ya bi ta. A nan Koci yake tsayarwa. Bai taɓa bari ya wuce nan ba. Daga nan ne aka danne Emmett, aka ɗauke shi zuwa asibiti.

Tambaya ɗaya ya yi ran nan. Ya tambayi Tsoho, Tsoho ya ce idonsa na ƙasa. Ya tambaye ni, na ba shi amsa. Kalma biyu.

Talata, 11 ga Nuwamba, sha ɗayan safe

Talata ake kawo masu neman aiki a gwada su, tunda ba ma nan. Na biya wai zan ɗauki abin da na manta, na tarar da biyu a bakin ƙofa da jakunkunansu, masu kaurin wuya da gajerun ƙafafu irina. Ɗaya har ya gaishe ni.

Ni ma haka na zo wata Talata, ban san kowa ba. Emmett ne ya baro hutunsa ya zo ya durƙusa min don gwajin. Da aka ɗauke ni ya ce, "Ina za ka kwana?" Na ce a mota. Ya ce, "A wannan sanyin? Matata za ta kashe ni." Wata biyar na yi a ɗakin ƙasan gidansa. Ɗan ƙauye ne daga Nebraska, ni kuma na raɗa masa Manomi.

Na je asibitin. Hawa na uku, taga ta huɗu daga hagu. Ban shiga ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, da yamma

Takwas.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bakwai na safe

A hanya na kunna rediyo, shirin nan da mutane ke bugo waya su zage mu. Wani ya ce shekarar nan ta mutu ne ran sha biyu ga Oktoba, lokacin da Sorrell ya tsaya kallon tsuntsaye ana tsakiyar aiki. Mai shirin ya ce a tausaya, bawan Allah yana asibiti. Mutumin ya ce shi ma yana tausayi, amma aiki ɗaya aka ba shi a duniya, ya kalli ƙwallo. Daga nan suka sa tallar tayoyin mota.

Ban kashe ba. Na ji tallar har ƙarshe.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan wasa

Tara. A filinmu.

Mutane sun fara zuwa da jakar takarda kife a kai, sun huda wajen ido biyu, wai kunya suke ji a gan su suna goyon bayanmu. In na duƙa na leƙa, bayan Brice da Tsoho su nake hangowa, layi-layi, a rataye, ba fuska.

Yau da na leƙa, hannun da ke can akwai farin filasta a yatsu uku. Brice ba ya naɗa filasta. Na ƙifta ido, babu.

Talata, 25 ga Nuwamba, ukun rana

Na je. Labulen tagar a yaye, wata tsohuwa ce zaune a wurin. Na kira Baba Leland, ya ce an sallami Emmett jiya, yana gida, yana takawa da ƙafarsa. Na ce madalla. Ya ce, "Hannun ne dai." Ban tambaye shi wanne ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, Ranar Godiya, huɗun yamma

Lorna, matar Emmett, ta turo saƙon gayyatar cin abincin biki. Wai talotalon ya fi ƙarfinsu, kujerata tana nan, Posy na tambayar Kawu Ren. Na rubuta mata cewa mura nake yi, kada in shafa masa.

Mama ta kira daga gida. Ina jin ƙarar cokula da muryar kawuna yana gardama. Ta ce, "Me ka ci?" Na ce talotalo. Ta ce, "A ina?" Na ce gidan abokai. Ta ce, "Renard, tun kana shekara biyar in za ka yi ƙarya sai ka yi gyaran murya. Ka je ka gaida yaron nan kuwa? Mutumin da ya ba ka ɗaki." Na ce likitoci sun hana shiga. Can ta ce ta ajiye min miyar gumbo a firji, in na zo a Janairu.

Taliyar gwangwani na ci a tsaye.

Litinin, 1 ga Disamba, tsakar rana

Jiya goma. Yau da safe aka kori babban koci. Ya shigo da rigarsa ta gida ya yi mana sallama, sai na ga ashe ƙaramin mutum ne. Koci Haldane da sauran suna nan har ƙarshen shekara.

Baba Leland ya zare alluna uku. Ina kallonsa ya biyo layinmu da su a hannu. Ya wuce ni.

Laraba, 3 ga Disamba, shidan yamma

Na fito daga atisaye na tarar da saƙon murya. Zan rubuta shi yadda yake.

"Ɗan Fadama, Manomi ne. Ka daina ɓuya, na san motarka, duk jihar nan ba mai irin tsatsarta. Daga tagar asibiti na riƙa ganinka. Ka ga, ban tuna komai na ran nan ba. Na tuna ƙwan da na ci da safe, sai na farka da fitila a ido. Amma na kalli bidiyon. Ka san halina in ana iska, sai na sake waiwayar Tsoho. Na buɗe maka na waiwaya, shi ke nan. Shekara goma ina hana yara yin haka. Ina ganin abin da ke faruwa da jifarka, na san ni na jawo maka. Ka yafe min, ka ji. Ka zo ka ci abinci."

Muryarsa tana jan kalmomi kamar wanda ya tashi daga barci. Sau ɗaya na saurara.

Alhamis, 4 ga Disamba, da safe

Sau shida.

Lahadi, 7 ga Disamba, da yamma

Sha ɗaya. Dusar ƙanƙara ta sauka ana rabin lokaci. Ba mu ko kusanci sandunan ba, ba a kira mu bugu ko sau ɗaya ba. Na tsaya a gefe cikin babbar riga awa uku ina godiya a zuciyata. Wane irin ɗan wasa ne ke godiya da haka?

Talata, 9 ga Disamba, biyun rana

Na je layin su Emmett. Gidan mai koriyar ƙofa. Garejin a rufe. A ciki akwai layi biyu na jan fenti da muka ja a ƙasa shekarata ta farko, yadi takwas tsakaninsu, muka auna da igiyar awon kawuna. Kowace Talata jifa ɗari, Posy na zaune kan injin yankan ciyawa tana ƙirga mana, tana tsallake saba'in da wani abu don mu gama da wuri.

Na tsaya gaban gidan maƙwabcinsu. Ban shiga ba.

Lahadi, 14 ga Disamba, bakwai na yamma

Suna gabanmu da maki biyu, saura daƙiƙa uku a tashi. Yadi arba'in da bakwai. Tsoho yana cin wannan ko da takalmin wanka.

Na duƙa. Brice ya buɗe. Fari ne, da filasta. Na ce wa kaina ba shi ba ne, jira. Ya sake buɗewa. Na ce jira. Ina jin mutumin da ke gefena yana cewa saki, saki, don Allah saki. Agogon jifa ya cika, alƙali ya jefa ƙyallensa na alamar laifi, aka mayar da mu baya yadi biyar. A karo na biyu na saki. Ta faɗi gab da sandar.

Sha biyu.

A ɗakin sauya kaya wani ya buga hular kwanonsa da bango. Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni.

Litinin, 15 ga Disamba, tara na safe

Allona yana nan. Na taɓa shi da yatsa don in tabbatar.

Koci Haldane ya kira ni ofis. Ya rufe ƙofa, ya zauna a kan tebur ba a kujera ba. Ya ce, "Ina da mutum biyu a waya, kowannensu zai hau jirgi yau in na ce ya zo. Ban ce ba." Na ce na gode, yallaɓai. Ya ce, "Saura wasa uku. Ka ba ni uku masu tsafta, in sa sunanka a takardar waɗanda za a riƙe baɗi, ko da ni ba na nan." Na ce to.

Na kama ƙofa ya ce, "Renard." Bai taɓa kirana da sunan ba. Ya ce, "Abin da ya sami Emmett ba laifinka ba ne. Ka ga hannu, ka saki. Aikinka ka yi. Ka sauke kayan nan."

Na ce to, yallaɓai. Na yi gyaran murya.

Laraba, 17 ga Disamba, bayan atisaye

Kowa ya shige ciki saboda sanyi, saura ni da Tsoho muna tattara ƙwallaye. Yana zuba su a buhu bai kalle ni ba ya ce, "Ban gyaɗa kai ba."

Na ce me?

Ya ce, "Ran nan. Ƙafata ta zame a laka, ina gyara tsayuwa. Ban riga na gyaɗa masa kai ba. Shekara tara muna tare, bai taɓa buɗe hannu kafin in gyaɗa ba."

Na tsaya da ƙwallo a hannu. Na ce to me ya sa ya ce wa Koci idonsa na ƙasa. Ya ce, "Ɗayanku na kwance, ba abin da za a ƙara ƙwace masa. Ɗayan na da aiki. Haka na auna. Ban ce na auna daidai ba."

Na ce, "Ya kira ni. Wai in yafe masa."

Tsoho ya daɗe yana ɗaure bakin buhun. Ya ce, "Ni ma ya kira ni." Can ya ce, "Ban ce ka yi komai ba, yaro. Gobe zan ba Brice jar safar hannu. Ka ga ja, ka saki. Kada ka tsaya tunani, ba a ɗauke ka aikin tunani ba."

Lahadi, 21 ga Disamba, da yamma

Sha uku. Amma sau uku aka kira mu, sau uku na ga ja na saki, duka sun shiga. Tsoho ya ƙwanƙwasa min hula. Dabarar ta yi aiki. Na zaci zan ji daɗi.

Talata, 23 ga Disamba, huɗun yamma

Ina zaune a mota gaban gidan maƙwabcin Emmett sai na ji ana buga gilashi. Posy ce cikin rigar sanyi, haƙoran sun fito. Ta ce, "Kawu Ren, har yanzu murar ce?" Na ce saura kaɗan. Ta ce, "Baba ya ce kai matsoraci ne kamar zomo."

Lorna ta fito ba hula, ta tura ta cikin gida, ta tsaya riƙe da ƙofar motar. Ta rame. Ta ce, "Ba zan roƙe ka ba, na gaji da roƙon mutane. Kullum in na kai yarinyar nan makaranta na dawo, yana zaune gaban bidiyon nan. Ya mayar baya, ya sake. Yana zagin kansa da sunayen da ban san ya iya ba. Mai gashi ta ce hannun zai iya dawowa in ya sa kai, shi kuma ya ce hannun da ya ci amanar mutane me zai yi da shi." Na kalli sitiyari. Ta ce, "In an gama wasanni za a kwashe lokarsa. Ya ce kai za ka kawo masa kayan, ba Leland ba."

Na ce to. Ban shiga ba.

Lahadi, 28 ga Disamba, bayan wasa

Sha huɗu. Nawa biyu masu tsafta. Koci Haldane ya ɗaga min yatsa ɗaya, wato saura ɗaya.

A rediyo yanzu addu'a suke yi a ci mu a wasan ƙarshe, tunda ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa, kuma akwai wani yaro a kwaleji da suke mafarki. Ba wanda ke ambaton Sorrell kuma. An gama da shi.

Alhamis, 1 ga Janairu, da safe

Ran sha biyu ga Oktoba, wani abu fari ne ya gilma. Tawul ɗin wani ko ɗigon ruwa a idona, ban sani ba. Tun ƙwallon ba ta bar yatsuna ba na san ba hannu ba ne.

Na rubuta. Ga shi nan.

Lahadi, 4 ga Janairu, da magariba

Sha biyar. An gama.

Sau biyu aka kira mu, duka lafiya. Da alƙali ya busa tashi, filin ya ɗauki tafi da ihu. Suka cire jakunkunan takarda suna jefawa sama. Mun tsaya muna kallon mutanenmu suna murnar an ci mu. Baba Leland ya sauke riga mai lamba shida, wannan karon ya ninke ta.

Litinin, 5 ga Janairu, ukun rana

Ranar kwashe kaya. Kowa ana ba shi baƙar ledar shara ya zuba abin da ke lokarsa, duk shekara haka ake yi, mai albashi babba da ƙarami. Bayan nan kowa ya shiga wajen kocinsa minti biyar.

Koci Haldane ya nuna min takardar. Sunana na nan, na huɗu daga ƙasa. Ya miƙo min hannu. Ban karɓa ba. Na ce, "Yallaɓai, ran sha uku ga Oktoba ka tambaye ni ko na ga hannu, na ce na gani. Ban gani ba. Bai buɗe ba."

Ya mayar da hannunsa aljihu. Ya je taga ya tsaya. Ya ce, "Na tsaya gaban 'yan jarida na ce mai riƙewa ne ya kawar da kai. Da bakina." Na ce na sani, ina kallo. Ya ce, "Jifa mara kyau kowa na yi. Da ka faɗa ran nan, da tara kawai zan ci ka." Ya ce, "Emmett ya sani?" Na ce gobe. Ya ce in fita.

Na koma na zuba kayana a leda ɗaya, na Emmett a ɗaya. Gyaɗar ta yi tsami, na zuba duk da haka. Ina ɗaurewa Baba Leland ya zo da waya a kunne yana cewa to, to. Ya kashe. Ya hau ɗan bencinsa ya zare allon Emmett. Ya matsar da bencin taku ɗaya ya zare nawa. Ya goge su da gefen rigarsa ya ba ni duka biyun. Ya ce, "A ƙa'ida ajiyewa nake yi. Tafi da su."

Tsoho ya taya ni kai leda ɗaya mota. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce shi ma zai je ran Alhamis, yana da tasa maganar.

Talata, 6 ga Janairu, biyar na yamma

Na shiga.

Lorna ce ta buɗe, ta dubi ledar ta nuna min gareji. Yana zaune a kan injin yankan ciyawa. Wuyansa ya sirance. Hannun daman yana manne da cikinsa, yatsun a dunƙule. Ya yi murmushi ya ce, "Zomo ya fito." Ya fara cewa ya san kunyar ganinsa nake ji, amma ai shi ya kamata ya ji kunya.

Na ce, "Manomi, ba ka buɗe ba. Tsoho bai gyaɗa ba, kai ma ba ka buɗe ba. Ni na saki. Da aka tambaye ni na ce na gani."

Ina jin injin ɗumama gidan yana kunnawa yana mutuwa.

Ya ce, "Koci ya sani?" Na ciro allunan biyu na ɗora a kan ledar. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "Mako goma sha biyu, Ren. Na kira ka na roƙe ka gafara. Ka saurara." Na ce na saurara. Ya ce, "Jifar ba komai ba ce. Ka san ba komai ba ce." Na ce na sani. Ya ce, "Ban san abin da zan yi da kai ba. Kada ka tambaye ni yau."

Na juya zan tafi ya ce, "Akwai ƙwallo a ledar nan?" Akwai. Ya sauko da ƙyar, ya dafa bango da hagu, ya durƙusa a kan jan layin. Ya tallafo hannun daman da na hagun ya miƙo shi gaba. Ya ce, "Mai gashin nan ta ce in riƙa gwada buɗe shi sau hamsin kullum. Ban taɓa yi ba. Je ka layinka. Kada ka saki sai ka gani."

Na duƙa. Garejin ya kife, kekunan Posy a sama, fitila a ƙasa, hannu a tsakiya. Ba filasta. Yatsun suna rawa. Manuniya ta ɗan ɗaga ta koma. Jini ya taru min a ka, cinyoyina suka ɗauki zafi. Ina jin numfashinsa daga yadi takwas. Babban yatsan ya motsa. Na jira.

Bai buɗe ba yau. Ƙwallon tana hannuna har Lorna ta leƙo ta ce abinci na hucewa. Bai ce in zauna a ci da ni ba. Ya ce Talata, ƙarfe biyu, kuma in daina tare wa maƙwabcinsa ƙofa.